Hattara da mai koyar da LSAT da ke yawo a cikinmu

Jama'ar Bronx da kewaye, don Allah ku karanta wannan kafin wani ya sake faɗawa hannunsa. Akwai wani saurayi da ke bin gidajenmu yana cewa shi malamin LSAT ne, jarrabawar da ake rubutawa kafin a shiga makarantar koyon aikin lauya a nan Amurka. Ya cinye mini dala 2,400. Dala 2,400, kuɗin da na tara a bayan sitiyari, ba dare ba rana.

Kada wani ya ce gaggawa na yi. 'Yata ta gama digiri, ta yi watanni tana karatu ita kaɗai, tana gwada tsofaffin tambayoyi a LawHub, shafin hukumar LSAC mai shirya jarrabawar. Makin yana farawa ne daga 120 zuwa 180. Ita ta cije a 154, ta yi ta yi ya ƙi motsi, makarantun da take hari kuwa sai an haura 160. Idan ba a nemi malami a irin wannan lokaci ba, yaushe za a nema?

Har falona ya zo. Ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya durƙusa ya gaishe ni da Hausa tsantsa, ya ci tuwon da mai ɗakina ta tuƙa. Ya ce, "Baba, ai ƙanwata ce, ka bar ta a hannuna. In ba ta ci 170 ba, ka karɓi kuɗinka." Ya miƙo mini wayarsa, ga 177 ɓaro-ɓaro, wai sakamakonsa ne. Da hannuna na riƙe wayar nan, na sa tabarau na duba. Na tambaye shi garinsu, ya faɗa har da unguwa. Wa zai ga haka ya kawo zargi a ransa? Har yanzu in na rufe ido, durƙuson nan nake gani. "Ai ƙanwata ce, Baba."

Na fara tura 1,200, ragowar 1,200 bayan Sallah. A'a, kafin Sallah ne, don ya ce zai biya kuɗin littattafai. Littafi ko ɗaya ba mu gani ba, sai wasu takardu da ya gurzo, duk sun dushe.

Ashe tun zaman farko yarinyar ta ga alama. Yana ta koya mata tambayoyin nan da ake zana layi ana jera mutane, wane ya zauna kusa da wane. An cire wannan ɓangare daga jarrabawar tun watan Agustan 2024! Yanzu ɓangare biyu ne na auna hujja, ɗaya na karanta dogon rubutu, sai ɗaya da ba a ƙirga makinsa, kowanne minti 35. Da ta gaya masa, sai ya ce wai za a dawo da shi. Ta yi shiru ba ta faɗa mini ba, tana jin nauyin kuɗin da na kashe. Wannan ya fi kuɗin ƙona mini rai.

Abin da ya fasa ƙwan, ya nemi ta ba shi lambar sirrin asusunta na LSAC, wai akwai wanda zai rubuta mata in an ƙara dala 3,000. Bayan 2,400 ɗin da ya riga ya lamushe! Da ta yarda, da an soke sakamakon, a sanar da makarantu, yarinyar da ke son zama lauya ta fara da tabon maguɗi. Kuma sau bakwai kawai ake barin mutum ya rubuta jarrabawar nan a rayuwarsa. Daren da ta gaya mini na kira shi, ya ce yana masallaci zai kira ni. Da gari ya waye ya toshe lambata da tata.

Hoton 177 ɗin ma ba nasa ba ne. Wani ɗan'uwa ya nuna mini irinsa sak a wayar ɗansa, an rufe wurin suna. Shi ma "Baba" ya ce masa.

Rasit, saƙonnin murya, hoton, duk suna hannuna, zan saka su nan da zarar 'yan sanda sun ce in saka.

Kada ku biya kowa dunƙule, ku biya zama-zama. Yaro ya fara gwada kansa a LawHub tukuna. Duk wanda ya yi muku alkawarin maki ko ya nemi lambar sirri, ku kore shi.

Wanda ya taɓa tura masa ko sisi ya yi mini magana ta sirri, ina haɗa rasit ɗinmu wuri guda.