Ranar da gyara ya ja mini kunya a La Roshel

Ƴan uwa na Damagaram, ina gaisuwa. Ƙanena ya dame ni a WhatsApp, wai waldar me nake yi a bakin teku, tunda ba ƙofa ba ce, ba taga ba. To ga amsa, amma da ranar da na sha kunya zan fara, don har yau abin bai bar raina ba.

Inda nake aiki, kusa da La Roshel a yammacin Faransa, jiragen ruwa muke ƙerawa, irin waɗanda iska ke turawa da ƙyalle. Ba na kanti ba ne da ake bugawa ɗari-ɗari iri ɗaya. Namu ɗinkin tela ne: mutum ya zo ya faɗi inda zai je, mutum nawa za su kwana a ciki, ruwan kwana nawa zai ɗauka, mai zane ya zana, mu kuma mu haɗa da alminiyom, dangin wanda ake zuba tukwane da shi a gida. Jirgi ɗaya yakan ci mana fiye da shekara.

Ina wata na huɗu da kama aiki aka ba ni haɗa ramin da ke goshin jirgi, inda ake tara sarƙar ƙugiyar da ake jefawa ƙasan ruwa in za a tsaya. Takarda ta ce falle mai kaurin milimita 6. Ina dubawa, ga wani mai 8 a jingine. Na ce a raina, wurin da sarƙa za ta yi ta duka, ai mai kauri ya fi. Na sa shi, na ja walda wadda ko a Zango ban taɓa jan irinta ba, na koma ina jiran yabo.

Washegari maigidan aikinmu ya zo da ɗan ma'auninsa mai baki kamar hantsaki, ya matse gefen fallen, ya dubi takarda, ya dube ni.

"Wa ya ce ka ƙara?"

Na ce, "Maigida, gyara na yi, ba sai an biya ba."

Ko murmushi bai yi ba. Ya ɗauki alli ya hau lissafi a jikin fallen, a gaban wata yarinya mai koyon aiki wadda a haife na haife ta. Ƙarin milimita 2 a faɗin murabba'in mita 4, kilo 21 da ɗoriya ke nan, kuma a goshi, inda nauyi ya fi ɓarna, don shi ke sa jirgi ya riƙa dulmiya kai cikin igiyar ruwa. Sai ya ce, "Yanke." Kwana biyu ina yanke aikin hannuna, yarinyar tana miƙo mini faifan yanka tana kawar da kai, tausayi take ji ko dariya take ɓoyewa, oho.

Ni da na tashi inda mai fura ke ƙara maka ludayi, mai kilishi ya yago maka wani ɗan gefe bayan an gama ciniki, a ce alheri ya zama laifi! Daren nan tuwon kirki ban ci ba, ko da yake tuwon ma na garin semul ne, ba a kewarsa.

Sai ranar da aka saka jirgin a ruwa na gane inda aka dosa. Kafin a je ko'ina, an rataya zare da ɗan nauyi a tsakiyarsa, aka riƙa matsar da tubalan ƙarfe daga wannan gefe zuwa wancan ana rubuta yawan karkatar zaren. Da wannan ake sanin inda nauyin jirgi ya taru, da iya kwanciyar da iska za ta sa shi ya yi kuma ya miƙe da kansa. Abin da ke miƙar da shi dalma ce da ke can ƙarƙashi, wajen kashi ɗaya cikin uku na duk nauyinsa. Turai ta kasa jiragen nan aji huɗu, daga A zuwa D. Namu A ne, wanda aka yarda ya shiga iskar da ta wuce mataki na 8 a ma'aunin ƙarfin iska da igiyar ruwa da ta haura mita 4, wato ta fi katangar gidanmu tsawo nesa ba kusa ba.

Mai jirgin wata dattijuwa ce da ta bar aiki. Ta zo gwaji da takarda ɗaya a leda, zane ne kamar rabin faifai, wanda mai zanen ya ba ta tun ba a yanka falle ko ɗaya ba. A ciki an rubuta gudun da jirgin zai yi a kowane ƙarfin iska, ta kowace fuska ta bugo. Gudun ma da ƙulli ake auna shi, don a da igiya mai ƙulle-ƙulle ake saki a ruwa ana ƙirgawa. Ƙulli ɗaya kilomita 1.852 ne a awa. Iskar ranar ƙulli 12 ce. Takarda ta ce in ta bugo daga gefe, jirgi zai yi 7. Allo ya nuna 7.1. Madam ta yi alama da biro, ta ce a juya a fuskanci iska. Jirgin ƙyalle ba ya shiga iska kai tsaye, sai ya kauce wajen digiri 45, ya yi ta kwana-kwana kamar jaki mai hawan tudu da kaya, kuma abin da ake lissafawa shi ne yawan matsowarka ga inda ka nufa. Sauran gwajin ban gani ba, ina rungume da bokiti. Bamaguje ma ya fi ni sanin ruwa. Ni iyakata Tafkin Gidimuni, shi ma daga gaɓa.

Za ku yi dariya in na faɗa muku gudun. Jirgin da tsawonsa a kan ruwa mita 12 ne, da wuya ya wuce ƙulli 8 da rabi, don daga nan igiyar da shi kansa ya tayar ta kai tsawonsa, sai ya zama yana hawan tudun da ya gina. Kilomita 15 zuwa 16 ke nan a awa. Ɗan kabu-kabu zai kai Mirriya ya sha shayi kafin Madam ta iso. Amma daga tsibiran Kanari zuwa Karebiyan, wato tsallake tekun Atlantika, kilomita wajen 5,000 ne. Mai yin ƙulli 6 da mai yin 5 da rabi, tsakaninsu kusan kwana biyu ne a teku, kuma ba sai na faɗa wa ɗan Damagaram abin da ake nufi da ruwan sha na kwana biyu ba.

Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne takardar nan. An yi alkawari da lamba shekara guda kafin aiki, aka zo aka tarar da shi. Mu fa? Ƙofa nawa na kai gidajen mutane ta ƙi shiga, na ce magini ne ya karkata, magini ya ce ni ne, a ƙarshe aka fasa bango aka ce "haka ma ya yi"? Tela ya ce jajibiri, ka karɓa bayan hawan salla. Tiyar da ake saye da ita daban, wadda ake sayarwa da ita daban. Ba rashin iyawa ba ne, don na ga baduku a Birni yana yanka fata da ido, ko gashi ba ya kuskurewa.

Su ma kada ku ɗauka waliyyai ne. Tashar Minim, inda ake ɗaure jiragen ruwa a La Roshel, jirage sun haura 4,000 a ciki, da yawansu sai su yi watanni a ɗaure, dukiya tana tsatsa ana biya mata haya. Ka tambayi makaniki abu a tsaye, sai ya ce ka nemi ranar ganawa. Shekara biyu ina sayen burodi wurin mace ɗaya, ko ɓawo ba ta taɓa ƙara mini ba.

Ƙanena, akwai mai zuwa gida ƙarshen wata, na ba shi ma'aunin nan mai baki da tef na mita 5 ya kawo maka shago. Ƙofar Inna da ka ce za ka sake, ka auna sama, ka auna tsakiya, ka auna ƙasa, ka turo mini lambobin kafin ka yanka. In zai dawo a haɗo shi da kilishi, kuma a tsaya sai mai kilishin ya yi gyara.