Bencin aiki na filawud: mai ƙafar naɗewa ko mai saman akwati?

Ɗan'uwa, ka ce kana son haɗa bencin aiki da filawud, wanda za ka iya ɗauka kai kaɗai zuwa inda aiki ya kira ka, amma ka rasa na zaɓa tsakanin biyu: mai kaurin sama da ƙafafun naɗewa a jikinsa, ko wanda samansa akwati ne mai rami a ciki da ake ɗorawa kan mazaunai biyu, wato ƙafafu masu zaman kansu da ake ɗora katako a kai. Na yi aiki a kan kowannensu, kuma abin da ya raba su a wurina shi ne kayan aikin da ka fi riƙewa a hannu. Mai injin yanka da injin huda, abin da yake nema daban ne da na mai karkare katako da hannu.

Mu fara da fallen filawud ɗin kansa, don duk lissafin daga nan yake tashi. Filawud da aka saba yana zuwa ne da faɗin santimita 122 da tsawon 244, wato ƙafa 4 da ƙafa 8. Mai kaurin milimita 18 yana kai kilo 30 zuwa 36 gwargwadon itacen da aka yi shi da shi, mai kaurin 12 kuma ya ɗan haura kilo 20. Duk abin da za ka gina, daga cikin wannan nauyin zai fito, kuma bayanka ne zai ɗauka.

Na farko, mai ƙafar naɗewa, falle ɗaya na milimita 18 ya ishe shi. Ka tsaga shi biyu ta tsawo, ka yanke santimita 150 daga kowane tsagi, ka manna su da gam su zama sama ɗaya mai kaurin milimita 36. Ragowar guntaye biyu, kowanne kusan santimita 94, su ne za su ba ka ƙafafu da ɗamarar da ke ƙarƙashi. Saman kaɗai yana kusan kilo 20, da ƙafafu da ƙarafa ka tasar wa 30. Ana ɗauka, amma ba abin da za ka so hawa bene da shi kullum ba ne.

Dalilin manna su, maimakon a ɗora ɗaya kan ɗaya a buga ƙusa, yana da kyau a fahimce shi. Juriyar katako ga lanƙwasa tana tafiya ne da kaurinsa sau kaurinsa sau kaurinsa. Falle biyu da ke zamewa a kan juna ƙarfinsu ninki biyu ne kawai. Idan gam ya mayar da su abu ɗaya, ninki takwas ne. Saboda haka ka shafa gam ko'ina, kada ka ɗiɗɗiga shi nan da can. Idan fallayen sun ɗan gantsare, ka haɗa su ta gefen da tsakiyarsa ta turo don tsakiya ta fara haɗuwa, sannan ka ɗaure da sukuru ta ƙasa, tazarar santimita 15. Washegari ka kwance sukurun gaba ɗaya. Na taɓa barin su a ciki, bayan watanni haƙorin zarto ya ci karo da ɗaya, har yau ina jin wannan ƙarar.

Na biyu, mai saman akwati, da wannan ƙa'idar yake aiki, sai dai ya kai ta nesa. Maimakon cika tsakiya da katako, sai a nisanta fallen sama da na ƙasa, a jera haƙarƙari a tsaye tsakaninsu. Idan nauyi ya hau, na sama yana matsuwa, na ƙasa yana miƙewa, haƙarƙarin yana hana su zamewa. Da falle ɗaya na milimita 12 za ka fitar da akwati mai tsawon santimita 120 da faɗin 60, haƙarƙarinsa na da tsayin 14. Nauyinsa kusan kilo 15 ne, ya ma ragu idan ka fafe tagogi a gefuna, amma a lissafi juriyarsa ga lanƙwasa ta ninka ta wancan mai milimita 36 fiye da sau 30. Ranar da ka samu falle na biyu sai ka yi masa ɗan'uwa. Ka jera su gefe da gefe ka samu santimita 120 ta kowane ɓangare don haɗa kabad, ko kai da kai ka samu tsawon 240 don ƙyaure ko dogon katako. Kowanne da hannu ɗaya ake ɗaukarsa.

Wajen yanka akwai abin da ake yawan kuskurewa. Ka fara tsaga fallen ta tsawo, sannan ka raba kowane tsagi biyu, ta yadda zaren itacen da ke fuskar filawud zai bi tsawon akwatin. Idan ka yanka shi huɗu ta faɗi, girman guntayen ɗaya ne da na wancan, amma zaren ya kwanta a gicciye, kuma filawud ya fi ƙarfi ta inda zaren fuskarsa ya nufa. Kada kuma ka manta zarto yana cin kusan milimita 3 a kowane yanka, shi ya sa na ce tsayin haƙarƙarin santimita 14 ban ce 15 ba.

To, idan akwatin ya fi sauƙi kuma ya fi tauri, me ya rage wa na farko? Duka da turi. Tauri daban, nauyi daban. Ka ɗora katako kan akwati ka buga masa guduma a tsakanin haƙarƙari biyu, za ka ji yana amsawa kamar ganga, rabin ƙarfin bugun ya dawo maka a hannu. A kan mai milimita 36, musamman daidai saitin ƙafa, bugun yana shiga inda ka aika shi. Haka idan kana karkare katako da hannu: kowane turi yana tura bencin gaba, kuma akwati mai kilo 15 da ke zaune kawai a kan mazauni zai riƙa guduwa daga gare ka. Ana rage wannan ta hanyar ɗaure akwatin da mazaunan da noti, a yi saman da milimita 18, a ɗora kayan aiki masu nauyi a kan katako a ƙasa, ko a jingina kan bencin da bango. Ana samun sauƙi, amma ba zai zama bencin karkara na gaske ba. Gaskiya ko na farkon ma bai kai ba, don manyan bencinan karkara da hannu nauyinsu ne ke riƙe su, kuma abin da aka yi don a ɗauka ba zai taɓa samun wannan nauyin ba.

Inda na fi son ka tsaya ka yi tunani shi ne ƙafafu, don ban taɓa ganin bencin filawud da samansa ya karye ba, amma na ga da yawa da ƙafafunsu suka saki. Hinji yana da ɗan wasa tun yana sabo. Kowane turi yana ƙara masa, sukurun yana ta lasar raminsa, bayan wata uku benci ya fara rawa. Idan kuma aka ɗaure sukurun a bakin filawud maimakon fuskarsa, abin ya fi sauri, don a baki sukuru yana shiga ne tsakanin yadudduka yana buɗa su. In dai na naɗewa za ka yi, ka manta da hinji. Ka manna tsiri biyu su zama ƙafa ɗaya mai kauri, ka haɗa ƙafafu biyu na kowane kai da faffaɗan guntu, ka sa noti mai kaurin milimita 10 ya ratsa ƙafar da ɗamara ya zama shi ne abin juyawa. Sannan dole a samu tokara da ta tashi a karkace daga ƙasan ƙafa zuwa tsakiyar saman. Siffa mai kusurwa huɗu tana iya karkacewa ba tare da ko ɗaya daga gefunanta ya gajarce ba, mai kusurwa uku ba ta iyawa. Benci mara wannan tokara sai ya yi rawa, ko da noti nawa ka sa masa.

Mazaunai ba su da wannan ciwon, don ba a jikin saman suke ba, kuma rana ta daban za su yi maka wani aikin su kaɗai. Abin lura a nan tsayi ne. Yawancin mutane suna jin daɗin benci tsakanin santimita 85 da 90, ko ka tsaya ka saki hannu ka auna daga ƙasa zuwa wuyan hannunka. Akwatin da fallayensa ya ci fiye da santimita 16, don haka mazaunan kada su wuce 70 zuwa 73. Wanda ya manta wannan zai wayi gari yana aiki da kafaɗu a ɗage.

Wajen riƙe aiki akwatin ya yi nisa. Tagogin gefe suna ba ka inda za ka zura abin matsewa, kuma cikinsa ma'ajiya ce: tef, fensir, sukudireba, duk suna ƙarƙashin hannunka, saman kuma a share. Idan za ka huda ramukan tokare katako, ka bi ma'aunin da ya yaɗu, rami mai faɗin milimita 20 da tazarar 96 daga tsakiya zuwa tsakiya, irin na teburin MFT na kamfanin Festool, don kayan matsewa da yawa a kan wannan aka ƙera su. Akwai kuma na milimita 19, wato kashi uku cikin huɗu na inci. Ka zaɓi ɗaya kafin ka huda, don ba sa shiga ramin juna daidai. Mai kaurin sama kuma ya fi karɓar bayis, wato ƙarfen matse katako da ake ɗaurewa a jikin benci, saboda akwai naman da noti zai kama.

Wahalar haɗawa tana wajen akwati. Guntayensa sun fi yawa, haƙarƙarin dole su zo tsayi ɗaya cif, kuma duk murɗewar da ke jikinsa lokacin da gam ya bushe ta zauna ke nan har abada. Ka haɗa shi a wuri mai shimfiɗa daidai. Kafin gam ya kama, ka ɗora tsiri biyu miƙaƙƙu a kai da kai, ka durƙusa ka hango su ta gefe: idan bakunansu sun yi layi ɗaya, babu murɗewa. Na farkon kuwa yini ɗaya ya ishe shi, ban da jiran gam. Dukansu ka shafe bakunan da fenti ko banish, don ta nan ruwa ke shiga ya ɗaga yadudduka, kuma kada ka yarda a canza maka da MDF, wato allon da aka yi da garin katako da gam, ya fi nauyi, ga kumbura da zarar ya jiƙe.

Tun da ka ce ɗauka kai kaɗai ce babbar damuwarka, ni akwati zan ce ka yi, in dai yawancin aikinka yanka da inji ne, huda, da haɗa kaya. Ka fara da guda ɗaya da mazaunai biyu, ka yi aiki a kansa wata guda kafin ka huda ramuka, lokacin ka san inda hannunka ke nema. In kuwa guduma da karkara da hannu sun fi rabin aikinka, ka yi mai milimita 36, ka taƙaita shi zuwa santimita 120 don ya ɗauku, guntayen da suka ƙaru kuma ka zuba su a ƙafafu da tokara.