Nan Ingila a kwalba ake sayen rana

Yaya, ina gaisuwa. Ki kwantar wa Umma da hankali kan yatsuna da ta gani a bidiyo, ga yadda abin yake.

Tun hunturuna na farko a Mancesta, in na ɗauko kaza a firiza ko na daɗe a tashar bas, sai yatsuna uku su yi fari fat, su koma shuɗi-shuɗi, in jini ya dawo kuma su yi ta zugi kamar an zuba musu barkono. Ashe ƙananan jijiyoyin jini ne ke tsukewa. Raynaud ake ce masa, nawa kuma tare ya zo da lupus, ciwon da garkuwar jiki ke juyowa ta far wa mai ita.

Ganin likita a nan kyauta ne, amma da haƙuri ake biya. Likitan unguwa ne zai tura ki wurin ƙwararre, ƙa'idarsu ta ce kada a wuce mako 18, ni kuwa sai da na haura haka. A Kano da kuɗinki a hannu, da safe a ɗebi jini, kafin jibi kin karɓi sakamako. Sai dai abin da aka yi mini ranar da na ga ƙwararriyar likitar ban taɓa ganinsa a gida ba. Aka ɗiga mai a gindin farcena, aka ɗora wani ɗan madubi, sai ga jijiyoyin a allon kwamfuta, sirara, lanƙwashe kamar kan allura, wasu sun kumbura. Yatsu biyu ba su duba ba, wai lallen sallah ya rufe wurin. Na yi dariya, nas ɗin ba ta gane abin dariyar ba.

Gwajin jini ya nuna bitamin D ɗina ya faɗi ƙasa da 25, wanda a ma'auninsu ƙaranci ne. Daga Oktoba zuwa Maris ranar ƙasar nan ba ta da ƙarfin da fata za ta haɗa shi, shi ya sa hukuma ke ba kowa shawarar shan maikirogiram 10 kullum, mu baƙaƙen fata da masu lulluɓi kuwa duk shekara. Ni abin ya haɗe mini: mai lupus ana hana ta zama a rana, prednisolone kuma, maganin rage kumburi da nake sha, yana cin ƙashi. Likitar ta ce ana yawan samun ƙarancin bitamin D a masu irin ciwona, har da waɗanda jijiyoyinsu suka fi taɓuwa, amma kada in ɗauka shi zai warkar da yatsun. Don ƙashina ta fi matsa mini.

Kwalbar bitamin D a babban kantin Tesco ba ta kai kuɗin shayi biyu ba, ba kuma sai da takarda ba. Maganin takarda ne mai cizo, fam 9.90 kowane ɗaya, don haka na yanki katin shekara na fam 114.50, wanda ke biyan kuɗin duk magungunan takarda. Ɗaya daga cikin magungunana, hydroxychloroquine, ɗan'uwan kulorokwin ɗin da Baba ke ɗura mana ne in zazzaɓi ya kama mu, ɗacin ma iri ɗaya. A gida yaron kemis zai miƙo miki ba tambaya, nan kuwa har ido suke dubawa saboda shi.

Lallen da kika ce za ki ba mai tahowa, ki dakata tukuna. A Afrilu za su sake duba farcen.