Kafin ka sayi ƙaramar bindiga a Amurka: rigimar P320 da sauran da ke shago

Wani ɗan'uwa da ke aikin gadi a Texas ya turo mini tambaya. Wurin aikinsu an ce duk mai son komawa gadi da makami ya nemi bindigarsa da kansa. Ya shiga shago, ya ga bindiga SIG Sauer P320 wadda aka taɓa amfani da ita, kuɗinta ƙasa da na sauran, shi ne yake tambaya ko ya ɗauka. Na ce masa ya dakata tukuna, araha ba ta ado. Amsar ta fi ƙarfin saƙon waya, shi ya sa na zauna na rubuta.

Mai karatu a gida Najeriya ya sani cewa wannan bayani ba nasa ba ne. Dokar makamai ta 1959 ta sanya fistol da libarba cikin makaman da aka haramta, sai da lasisin shugaban ƙasa. Maganar ta 'yan'uwanmu ce mazauna Amurka masu takardar zama ɗan ƙasa ko katin zama na dindindin. Mai bizar karatu ko ta ziyara, dokar tarayya ta hana shi, sai a wasu 'yan yanayi ƙalilan. Kuma jiha jiha ce: a Texas tun 2021 ana iya ɗaukar fistol ba tare da lasisi ba, amma a New York ko mallakarta ba ka yi sai da izini.

P320 ta fito kasuwa a 2014. Tauraruwarta ta haska a Janairun 2017, lokacin da sojan ƙasa na Amurka suka zaɓe ta ta gaji Beretta M9, a kwangilar da za ta iya kai wa dala miliyan 580, suka raɗa mata suna M17 da M18. Daga nan 'yan sanda da farar hula suka yi ta rububinta. A watan Agustan shekarar aka nuna a bidiyo cewa idan ta faɗi ta bugi ƙasa da ƙeyarta a wata karkata, tana tashi. 'Yan sandan Dallas ma sun dakatar da ita. Kamfanin bai janye ta daga kasuwa ba, sai ya ce wanda ya ga dama ya aiko da tasa a canza masa kunama da wasu kayan ciki kyauta. A riƙe wannan, domin har yau akwai tsofaffin da ba a kai gyaran ba suna yawo a kasuwar hannu.

Zargi na biyu ya fi na farko nauyi. Mutane suka fara cewa bindigar ta tashi tana cikin kubenta a ƙugu, hannu bai je kusa da kunama ba. A Afrilun 2023 jaridar Washington Post da kafar The Trace suka buga bincike: sama da mutum 100 sun yi wannan iƙirari, aƙalla 80 sun ji rauni, da yawansu 'yan sanda ne. A Yunin 2024 kotun tarayya a jihar Georgia ta yanke wa wani mutum diyyar dala miliyan 2.35, a Nuwamba kuma wata kotu a Philadelphia ta yanke wa wani tsohon soja dala miliyan 11. Kamfanin ya ƙalubalanci hukuncin biyu. 'Yan sandan Milwaukee sun ajiye ta sun koma bindigar kamfanin Glock, hukumar horar da 'yan sanda ta jihar Washington ta hana shiga da ita filin horo a 2025, a Yulin shekarar kuma hukumar shige da fice ta ICE ta umarci jami'anta su daina ɗaukarta.

Adalci ya wajaba a faɗi na ɗaya ɓangaren. SIG ya tsaya kai da fata cewa P320 ba ta tashi sai an ja kunama, kuma ya yi nasara a wasu shari'o'in, an kori wasu. Sai batun sojan sama da ya rasu a sansanin F.E. Warren a Wyoming a Yulin 2025. Da farko duniya ta ɗauka M18 ce ta tashi da kanta, har rundunar da sansanin ke ƙarƙashinta ta dakatar da ita. Bayan 'yan makonni aka kama wani soja da tuhumar kisa ba da niyya ba da yi wa masu bincike ƙarya, aka mayar da bindigogin aiki. Wato ba duk labarin da ya zagaya waya ne gaskiya ba.

To me ya sa har yanzu nake ce wa sabon mai saye ya kauce mata? Saboda yadda aka gina ta. A cikin kowace fistol irin wannan akwai wata allura da sifirin ke turawa ta sari gindin harsashi. A P320, da zarar ka ɗana, allurar ta riga ta ja baya kusan gaba ɗaya, jira kawai take a sake ta. Kunamar ba ta da nauyi sosai, tafiyarta gajera ce, kuma irin wadda aka fi sayar wa farar hula da 'yan sanda ba ta da sakata a waje, wato makullin da ke hana ta tashi sai an buɗe shi, ba ta kuma da ɗan harshen nan da ke tsakiyar kunama wanda ke hana ta motsi sai yatsa ya danne shi daidai. A shari'o'in nan biyu da aka ci kamfanin, rashin irin wannan kariya ne ginshiƙin ƙarar. Ko da mun ɗauka kamfanin ne mai gaskiya, wato wani abu ne ke taɓa kunamar, bakin riga ko igiya ko gefen kube, to ai tambayar mai saye ita ce: wace bindiga ce ta fi yafe irin wannan kuskure? Abin lura, M17 da M18 na soja suna da sakatar babban yatsa. Sojan ne suka nemi a sa musu.

Wani abu da mutane da yawa ba su sani ba: hukumar da ke tilasta janye kayan masarufi masu haɗari a Amurka, doka ta hana ta taɓa bindiga. Tana iya sa a kwashe tukunyar lantarki daga kasuwa, amma fistol sai in kamfani ya ga dama ko kotu ta matsa. A Mayun 2025 ma jihar New Hampshire, inda hedikwatar SIG take, ta yi dokar da ta taƙaita kai ƙarar mai ƙera bindiga kan rashin sanya irin waɗannan sakatu. Ba wanda zai tace maka kayan shago.

Glock 19 ita ce wadda na fi nuna wa mai aikin gadi. Ƙirar Ostiriya ce, tana kasuwa tun 1988, tana cin harsashi 15. Allurarta rabin ɗani take, jan kunama ne ke ƙarasa ja da ita baya kafin ya sake ta, ga harshe a kan kunama, ga wani ƙarfe a ciki da ke tare allurar. Kube da kayan gyaranta kuwa kamar jamfa a Jos, kowane shago akwai. Amma kada a ɗauka waliyyiya ce. Ita ma ba ta da sakata a waje, kuma sai an ja kunama ake kwance ta don wankewa. Mutane da dama sun harbi ƙafarsu a nan, sun cire gidan harsashi sun manta da guda ɗaya da ke cikin bututu.

Wanda hankalinsa ba ya kwanciya sai ya ji ƙarar sakata, ya duba Smith & Wesson M&P 2.0. Ana sayar da ita iri biyu, mai sakatar babban yatsa da marar ita, kuɗinsu ba nisa da na Glock. Sharaɗin dai shi ne ka yi ta atisaye har yatsanka ya saba buɗe sakatar ba tare da tunani ba, in ba haka ba ranar da ake buƙata za ka ja kunama shiru. Springfield XD kuma sakatarta a bayan mariƙi take, ba ta tashi sai tafin hannu ya damƙe ta.

Ni a raina, tsofaffin masu guduma a waje, wato ƙarfen da ke bayan bindiga da ke buga allura, sun fi ba ni natsuwa: Beretta 92, wadda sojan Amurka suka riƙe da sunan M9 daga 1985 har P320 ta gaje ta, da CZ 75, da P226 ta shi kansa SIG ɗin, don kada a ce ƙiyayyar kamfani ce. Idan gudumar na kwance, jan farko yana da tsawo da nauyi, kusan ninkin na Glock, ba abin da bakin riga zai ja ba ne. Kuma lokacin mayar da ita kube kana iya ɗora babban yatsa a kan gudumar. In wani abu ya kama kunama, za ka ji tana ɗagowa, ka tsaya. Aibinsu nauyi a ƙugu, ga wahalar koyo, domin jan farko daban, na biyu daban. Mai tsayuwar awa goma sha biyu a ƙofar kanti zai ji a jikinsa.

Libarba irin Ruger GP100 ta fi kowa sauƙin fahimta, ga kunama mai nauyi. Galibi harsashi shida ne dai, kuma wuraren aikin gadi da yawa ba sa karɓarta. Ta ajiyar gida ce.

Kowace ka zaɓa, ware kuɗin kube tun farko. Nemi mai tauri wanda aka ƙera don samfurin bindigarka takamaimai, ya rufe kunama ruf ta kowane gefe. Na yadi mai laushi da na fata da ya tsufa ya lanƙwashe, a bar su. Masu ɗaura tocila a ƙasan bindiga su ƙara lura, kubensu kan bar ɗan sarari a gefen kunama inda maɓalli ko igiyar riga za su iya kutsawa. Sai akwatin ƙarfe mai makulli, musamman gidan da ke da yara.

Idan kuwa ka riga ka mallaki P320, ko ita wurin aiki ya ba ka, shiga shafin kamfanin ka sa lambar jikinta ka ga ko an yi mata gyaran 2017. Kada ka sa mata kunamar wani kamfani, kada ka haɗa mata sassan da ba nata ba. Ka tambayi shugabanka a rubuce ko an yarda ka riƙe mai sakata ko wani samfurin, ka ajiye amsar. Ɗan'uwan nan na Texas dai na ce masa ya je filin harbi da ke ba da haya, ya gwada Glock 19 da M&P mai sakata, harsashi hamsin-hamsin, ya ga wadda ta zauna masa a hannu kafin ya cike takardar saye.