ROG Ally da cajarsa: batirin zai jure zafin Akara?

Masu sayen ROG Ally, na'urar wasannin bidiyo ta hannu ta kamfanin ASUS, a shagunan Tip Toe Lane, kusa da mahaɗar titunan Circle a Akara, tambayarsu ɗaya ce: in ta kwana a caji, batirin zai lalace?

Caji ba ya wuce kima, domin da'irar da ke ciki tana yanke wuta da zarar batiri ya cika. Abin da ke cin batirin litiyam shi ne zama a 100 cikin zafi. A ɗaki mai rufin kwano na unguwar Nima, ana wasa ana caji a lokaci guda, ƙarfinsa yakan ragu da wuri, wani ma ya kumbura har ya tura murfin baya.

Nan ASUS ta yi abin kirki. A buɗe manhajar MyASUS, a kunna Battery Care Mode, caji zai tsaya a kashi 80. Sai dai batirin Wh 40 ne kawai (Wh shi ne ma'aunin yawan wutar da batiri ke riƙewa), don haka kashi 20 ɗin da aka bari ana jin rashinsa ranar dumsor, wato ranar da aka ɗauke wuta. In za a yi tafiya Kumasi, a kashe saitin a cika shi.

Cajar asali wat 65 ce, USB-C. Ta wayar hannu ba ta isa. Batiri na raguwa alhali tana jone. Jabun caja kuwa, mai sauƙi a hannu kamar fanko, a bar wa mai shago kayansa. Idan an ɗauke wuta a zare filogi, don dawowarta da ƙarfi ke ƙona caja.