Gargaɗi ga masu laftof a Katsina: kada ku sayar don an ce furosesa ta ƙone

Assalamu alaikum. Na daɗe ina juya maganar nan a raina kafin in rubuta, domin ba na son taɓa hanyar abincin kowa. Abin da ya kusa faruwa da ɗiyar yayata ne ya sa na ga shiru ba zai yiwu ba, musamman da na ji an yi wa wasu ɗalibai biyu irinsa, su kuma har sun rabu da kwamfutocinsu.

Ina da ɗan shagon buga takardu a wajen Ƙofar Ƙaura, da kwamfutocin tebur guda huɗu. A ƙarshen hunturu wani matashi ya fara zagayo mu da jaka a baya. Yana da ladabi, yana da baki, kuma ya san sunayen kaya. Yana sayar da man nan da ake shafa wa furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, don rage mata zafi, wanda masu gyara ke kira fes, a cikin sirinji mai tambarin Arctic MX-4, a ƙasa da rabin kuɗin da na sani. Babu kwali. Ya ce kwalayen ne suka lalace a hanya shi ya sa aka karya farashi. Na sayi guda huɗu. Da zai tafi ya ce yana kuma yin sabis ɗin laftof, in da mai buƙata.

Lokacin ɗiyar yayata tana ajin ƙarshe a jami'a, tana tsakiyar rubuta furojet, laftof ɗinta kuma tana zafi har fanka na ƙugi. Ni da kaina na haɗa su, kuma wannan shi ne abin da ya fi damuna. Ya ce ba ya aiki a gaban mutane saboda ƙura, sai ya tafi da ita, washegari ya dawo da ita. Gaskiya ta yi sanyi. Muka biya, muka yi godiya, har na ba wasu lambarsa.

Ba a cika mako uku ba laftof ɗin ta fara kashe kanta. Da farko bayan awa guda, daga baya ko minti goma ba ta yi. Yarinyar ta kira shi, ya zo, ya kunna, ya ɗora tafin hannu a kan madannai, ya girgiza kai. Ya ce furosesa ta ƙone, kuma a irin wannan laftof manne take da bod, wato babban allon da sassan kwamfuta ke kai, ba a canza ta. Sai ya ce don tausayi zai saya a matsayin kayan gyara, ta ƙara kuɗi ta nemi wata. Kuɗin da ya taya bai kai kashi ɗaya bisa biyar na darajarta ba. Ta kira ni tana kuka: "Kawu, ka zo ka sa baki ya ƙara ko da kaɗan ne, sauran mako biyu in miƙa aikina." Na ce kada ta ba shi komai sai na iso.

Abin da ke sa ƙaryarsa ta shiga shi ne rabinta gaskiya ce. Yawancin laftof na yanzu furosesarsu a manne take da bod, ba a zare ta kamar ta kwamfutar tebur. Amma furosesa ba ta ƙonewa haka kawai don zafi. An ƙera ta da kariya. In zafi ya doshi iyaka, wadda a yawancin na Intel digiri 100 ce, a na AMD Ryzen da yawa kuma 95, sai ta rage gudu da kanta. In abin ya ci tura, ta kashe na'urar gaba ɗaya. Laftof ɗin da ke tashi, ta nuna Windows, ta yi aiki na wasu mintoci sannan ta mutu, furosesarta na da rai. Kare kanta take yi.

Na kai ta wurin wani dattijon mai gyara da na sani tun ina yaro. Ya ce in ja kujera in zauna, a gabana zai buɗe. Da ya ɗaga bututun jan ƙarfen da ke kan furosesa, sai ga wani farin abu ya bushe ya tsattsage kamar ƙasar fadama a bazara, ana taɓawa yana zuba kamar alli. Ramin da fanka ke fitar da iska ta cikinsa kuwa a toshe yake da ƙurar hunturu, ta dunƙule kamar auduga. Ko hura shi ba a yi ba. Akwai kuma ɗan lallausan fale-falen da ake sa wa wasu ƙananan sassa don ya kai zafinsu ga ƙarfe, an cire an cika wurin da wannan farin abin. Dattijon ya dube ni ya ce, "Malam, wanda ya yi wannan ya san za ta dawo hannunsa."

Ya yi mini bayanin da nake so kowa ya riƙe. Saman furosesa da ƙarfen da ke ɗauke mata zafi suna kama da sumul a ido, amma akwai ƙananan ramuka a tsakaninsu da iska ke maƙalewa, iska kuwa ba ta wuce da zafi sosai. Aikin man kawai ya cike waɗannan ramukan. Shi ya sa duk wani abu mai danshi, har man goge baki, zai nuna sanyi a kwanakin farko. Bambancin mai kyau da na banza sai bayan makonni yake fitowa, lokacin da ruwan jabun ya ƙafe. A garin da Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40, ga ɗaki babu wuta balle fanka, ƙafewar ba ta ɗaukar lokaci. Mai na gaskiya yana shekaru bai bushe ba.

Ya goge tsohon da alkohol ɗin isopropyl da kyalle mai tsabta har ƙarfen ya yi sheƙi, ya fitar da ƙurar, ya mayar da fale-falen daidai kaurin na asali. Sannan ya sa mai ɗan kaɗan ya baje shi siriri ya rufe gilashin furosesar gaba ɗaya, don ta laftof ba ta da murfin ƙarfe. A ta tebur, in ji shi, ɗigo ɗaya kamar ƙwayar wake a tsakiya ya isa, matsin ƙarfen zai baje shi. Ya ɗaure sukurorin bi da bi yadda aka rubuta lambobinsu, kaɗan-kaɗan, don matsi ya daidaita. Muka kunna, ya buɗe manhajar HWMonitor mai nuna zafin na'ura, muka bar ta tana aiki fiye da awa biyu. Ba ta mutu ba. Har yau da ita yarinyar take aiki.

Da na koma shago na matsa ɗaya daga cikin sirinjin da na saya a kan takarda. Wani ruwa-ruwan mai ne ya fara fitowa, sannan farin abu mai gari-gari. MX-4 na gaskiya ruwan toka ne, kuma a haɗe yake. Kwamfutoci biyu da na riga na shafa wa sai da na sake buɗe su.

Kada a fahimce ni ba daidai ba, arha ba laifi ba ce. Akwai mai irin su HY510 da GD900 da ake sayarwa da sunansu a farashinsu, wanda ya saya ya san abin da ya saya, kuma suna riƙe kwamfutar ofis. Ba kuma kowane farin mai ne jabu ba. Cutar ita ce a ɗura na banza a sirinjin sanannun kamfanoni irin Arctic ko Noctua ko Thermal Grizzly. Kamfanin Arctic yana sa lambar tantancewa a kwalinsa wadda ake dubawa da waya, shi ya sa labarin "kwali ya lalace" ya kamata ya tsayar da mutum. Manyan lambobin ƙarfin wuce zafi da ake bugawa a jikin sirinji ma kada su ruɗe ku, kowa na iya buga abin da ya ga dama.

Akwai wani da na ji yana tallatawa yanzu, wai ruwan ƙarfe, yana ce wa masu wasan kwamfuta shi ne ƙarshe. Na gaskiyarsa ana yin sa ne da sinadarin galiyam. Yana wuce da lantarki, ɗigo ɗaya a kan bod na iya kashe na'ura, kuma yana cin alminiyam. Ba abin da za a miƙa wa mai yawo da jaka ba ne.

Roƙona ga ɗaliban Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, da Al-Qalam, da kwalejin Hassan Usman, da masu shaguna irina: a buɗe na'urarku a gabanku, ku ga tsohon man da idonku, ku ga sirinjin da aka matso sabon. Ku duba zafin kafin aiki da bayansa. In mai gyara ya ce ta mutu sannan a zama ɗaya ya taya ta, ku ɗauki abinku ku kai wa wani wanda ba ya sayen tsofaffin kaya. Kuma ku kwafi furojet ɗinku a filas kafin ku miƙa wa kowa.

Ban ambaci sunan matashin ba, don sunan da ya ba ni daban yake da wanda ya ba ɗaliban nan biyu. Lambarsa ta daina shiga tun ranar da na ce ya zo mu yi magana a gaban dattijon. Wani maƙwabcin shagona ya ce ya ji labarin mai irin wannan jaka a Daura, don haka mutanen can ku sa ido. Ragowar sirinji biyu suna nan a durowata ban zubar ba, duk mai gyaran da ke son ganin yadda jabun yake ya biyo in nuna masa.