SLIME ko kayan LSP: wanne ya fi kama kuskure a Common Lisp?

Ɗan'uwa, ka ce ka saba da VS Code, ka fara koyon harshen rubuta shiri na Common Lisp da SBCL (kompailarsa, wato mai mayar da kod zuwa abin da kwamfuta ke gudanarwa), amma duk wanda ka tambaya sai ya tura ka wajen editan Emacs da SLIME, ƙarin da ke haɗa shi da Lisp. Kana so ka san ko da dalili, ko kuwa son tsohon abu ne kawai. Da dalili, kuma yana cikin inda kowannensu yake samo labarin kod ɗinka.

LSP, tsarin da Microsoft ta fitar a 2016 don editoci irin su VS Code, aikinsa a mafi yawan harsuna shi ne wata saba (server, shirin da ke aiki a bayan fage) ta karanta fayilolinka, ta faɗa wa edita inda aka ayyana kowane suna da inda ka yi tuntuɓe. Lisp kuwa tana da makro, wato ɗan shiri da ke gudana lokacin da kompaila take aiki, yana rubuta sabon kod. Idan makro ɗaya ya haifi fankishin (yankin kod mai suna da ake kira ya yi aiki) goma daga layi guda, mai karanta fayil kawai ba zai ga ko ɗaya ba sai ya gudanar da makron.

SLIME ta kauce wa wannan tun 2003, lokacin da Luke Gorrie da Helmut Eller suka ɗora a kan aikin Eric Marsden. Rabinta yana cikin Emacs, ɗaya rabin mai suna Swank yana zaune cikin SBCL ɗin da ke gudana. Idan ka danna M-. (Alt da aya) a kan suna, ba ƙiyasi ake yi maka ba, ita kompailar ake tambaya inda ta ga abin. Gani ya kori ji.

Inda tazarar ta fi fitowa shi ne lokacin da shiri ya yi kuskure. A Common Lisp kuskure ba ya rushe shirin nan take. Yana tsayawa cak a wurin, da duk kiraye-kirayen da suka kai shi can, sannan a ba ka zaɓin yadda za a ci gaba. A ce ka kira fankishin da ba ka rubuta ba tukuna. SLIME za ta buɗe tagarta ta farautar kuskure, SLDB, ka koma fayil ka rubuta shi, ka danna C-c C-c (Ctrl da c sau biyu) don kompaila ta karɓe shi, ka dawo ka zaɓi a sake kiran, shirin ya wuce kamar ba a yi komai ba. A tagar nan, v na kai ka layin da abin ya faru, e na ba ka damar gwada lissafi da ƙimomin da ke wurin, r kuma na sake gudanar da kiran daga farkonsa. LSP ba ta da ko kalma ɗaya a kan wannan, domin ba don farautar kuskure aka tsara ta ba. Shi ya sa Alive, wadda ita ce kayan LSP na Common Lisp da za ka samu a VS Code, take gudanar da sabarta a cikin SBCL, ta ƙara REPL (inda kake rubuta kod ka ga sakamako nan take) da tagar zaɓuɓɓuka. Dabarar SLIME ce ta ara, kuma ta yi daidai, sai dai a ganina ba ta kai ta zurfi ba.

SLIME ma tana da nata aibin. Ka goge fankishin daga fayil, shi kuwa yana nan daram a cikin SBCL, komai yana tafiya a kwamfutarka, ranar da wani ya loda aikin daga tushe sai ya fashe. Maganinsa ka riƙa kashe SBCL kana sake lodawa da ASDF (mai loda fayilolin aikin Lisp) kafin ka miƙa aiki. Ga kuma wahalar koyon Emacs ɗin kansa, wadda ba ƙarama ba ce.

Wani abin da ba ruwansa da edita: SBCL tana zuwa da matakin debug (yawan bayanin da take adanawa don farautar kuskure) a 1. A haka takan zubar da wasu ƙimomi, ta kuma haɗiye kiran da ya zo a ƙarshen fankishin, sai ka duba jerin kiraye-kiraye ka ga giɓi. Babu editan da zai nuna maka abin da kompaila ta jefar. Ka ɗaga matakin zuwa 3 da umarnin declaim lokacin gyara. A SLIME, C-u C-c C-c na yi maka haka ga fankishin ɗaya.

Idan makonnin farko ne kana koyon baka-baka (alamun da ake kewaye kod ɗin Lisp da su) da lissafi, zauna a VS Code da Alive, kada ka haɗa koyon abu biyu. Da ka fara rubuta makro naka, koma Emacs. A can ma ka leƙa SLY, reshen SLIME da João Távora ya fitar (shi ne kuma ya rubuta Eglot, mai kawo LSP cikin Emacs 29). SLY tana barin ka manna alama a kan kowane yanki na kod, ta adana ƙimar da ya bayar duk lokacin da ya gudana, ba sai ka cika fayil da umarnin bugawa ba.